Da Kuka Ce Mutum Uku, Wa Kuka Cire?

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ke Shirya Gasar Juriya ta Tawagogi,
Gombe.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina yi mana jajen halin da garinmu yake ciki. Allah Ya ji ƙan waɗanda muka rasa a tasha da kasuwa, Ya tashi kafaɗun waɗanda ke kwance.

Sunana Dijatu. Malamar motsa jiki ce ni a wata makarantar firamare a Pantami, ina zaune a Gabukka tare da mahaifiyata da yayana. Ba lallai ka riƙe sunan ba, amma ka san ni: ni ce matar da ta sa aka watse a Tudun Wada rannan da safe. Haka ake kwatanta ni yanzu a garin nan, har a ɗakin malamai. Na zo ofishinku aka ce kana taro, na dawo aka ce ka tafi gaisuwar mutuwa. Ban ce ƙarya aka yi mini ba, don gaisuwar mutuwa ba ta yi wa kowa wuya a wannan lokaci. Sai dai rajistar bana ta kusa rufewa, shi ya sa na rubuto maka a inda kowa zai gani.

Saboda masu karatu da ba su san gasar ba, ba irin tseren filin wasa ba ce. Ana tashi da sassafe daga wajen filin wasa na Pantami, a yi gudu har bayan gari, a hau keke a bi hanyar gonaki, a ajiye kekunan a hau dutse a sauko, sannan a shiga kwale-kwale a ƙetare ruwa. Wuni ake yi cur. Tawaga ce ke yi, kuma ba a yarda a rabu ba: tare za a tashi, tare za a iso. Komai saurinka, in ɗan tawagarka ya zauna a hanya, kai ma ka zauna ke nan.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya, yadda na shigo.

Tun da aka fara gasar, ƙa'idarku ita ce kowace tawaga huɗu, kuma aƙalla ɗaya mace. Ku kuka rubuta, ba wata mace ce ta roƙe ku ba. Sai maza suka bazama neman mata kamar masu neman fetur ranar da ya yi wuya. Yayana, Hamma Sale, mai yi wa shanu allura, yana da abokai biyu: Yakubu mai gyaran keke a Tudun Wada, da Modu, wanda rikicin nan ya koro daga bakin Tafkin Chadi, gwanin kwale-kwale. Su uku sun haɗu, saura mace. A ranar ne Hamma ya tuna yana da ƙanwa.

Mahaifinmu ya rasu, don haka maganar a hannun Dada take, wato mahaifiyarmu. Ta yanke hukunci a taƙaice: “In Sale na nan, je ki. In ba ya nan, ko zaure.” Ina roƙonka ka riƙe wannan sharaɗi, don a kansa komai nawa ya rataya.

Na san sunan da ake kiranmu da shi a bayan ido. Cikon ƙa'ida. Bai dame ni ba, ni ma nakan faɗa in yi dariya. Kuma ba zan cika maka baki ba, ba ni ce gwanar tawagar ba. A keke ni ce ta baya kullum, in mun zo hawa Hamma yakan ɗaura igiya a kekensa ya ja nawa, yana mita yana ja. Amma in an zo dutse, Modu da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai tsoron tsayi ya kama shi, ni nake karɓar jakarsa in haɗa da tawa, ina tafe ina ce masa kada ya kalli ƙasa. A ruwa kuma shi ne sarki, mu uku bayinsa. Haka muke, kowa da inda ake ɗaukarsa.

Bara muna saukowa daga dutse Modu ya gurɗe a idon sawu. Muka zauna da shi a gindin wata tsamiya har motar kwamiti ta zo ta kwashe mu. Babu wanda ya ce a bar shi, kuma da wani ya faɗa da mun ji kunyarsa. Daga cikin motar na hango layin ƙarshe, ana tafa wa wasu. Ban taɓa ƙetare layin nan da ƙafata ba, ranka ya daɗe. Bayan babbar Sallah kuma za a ɗaura mini aure da wanda na zaɓa da kaina, Katsina zai kai ni, kuma ban ji ana irin wannan gasa a can ba. Shi angon ya yarda in yi ta bana. In bana ta wuce, shi ke nan.

Na biyu, abin da ya faru a Tudun Wada, tunda kowa ya ba da nasa labarin sai ni.

Kowane ɗan gasa yana goya jakar ruwa a baya, mai siririn tiyo da ke zagayowa ta kafaɗa, don ya sha yana tafe. Kwamitinku ne ya wajabta ta. Maza a kan riga suke goya tasu. Ni kuwa in na goya ta a kan hijabi, sai igiyoyin su ɗame shi a ƙirjina, su fito da abin da na sa hijabin don in rufe. Saboda haka tun farko a ciki nake goya ta, in saki hijabi a kai, tiyon ya leƙo ta wuya. Na daɗe ina haka da maza uku a gefena, babu wanda ya taɓa tanka mini.

Rannan aka kira Hamma rigakafin shanu a ƙauye, na fita atisaye ni kaɗai da gari ya waye, ba da sanin Dada ba. Ka tsaya a inda mutanen suka tsaya ka duba, ranka ya daɗe: mace ita kaɗai, cikin dogon hijabi, da tudu a bayanta, da wani abu kamar waya a wuyanta, tana gudu ta nufi inda aka taru ana sayen ƙosai. A wannan shekarar, da ake ta labarin 'yan mata masu ƙunar baƙin wake. Mai ƙosan ce ta fara hango ni. Ta rafka salati, ta ture kaskon, kowa ya kama gabansa. Ni ma da na ga ana gudu sai na ƙara wuta, ina waige ina neman abin da ake gudu dominsa. Ban san ni ce ba sai da dutse ya same ni a kafaɗa.

'Yan sintiri suka kewaye ni daga nesa da gorori, suka ce in kwanta. Na kwanta, fuskata a cikin yashi. Ina so in ce ruwa ne, murya ta ƙi fita. Na ji wani yana cewa a kawo fetur, kuma na san abin da ake yi da shi. Allah Ya so, shagon Yakubu a layin yake. Ya fito hannuwansa a sama yana cewa, “Ku tsaya, ku tsaya, Malama Dijatu ce, tare muke tsere.” Suka ce kada ya matso, mutuwa zai yi. Ya matso. Ya durƙusa, ya jawo tiyon ya sa a bakinsa, ya zuƙa, ya feso ruwan a ƙasa kowa na kallo. Can sai wani ya yi dariya, aka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya ana neman takalma.

Mai ƙosan ta zo da hannunta da mai ya ƙona tana neman gafarata, ni ma ina neman tata. Ban riƙe ta ba, ban riƙe 'yan sintirin ba. An gaya mini ƙanwarta na cikin waɗanda suka rasu a harin tasha. Da ni ce a bakin kaskon, da ni ma na ture shi.

Na uku, kalmar da kuka yi amfani da ita.

Ba a daɗe ba kwamitinku ya zauna a kan maganar. Ba a kira ni ba. Abin da ya fito shi ne daga bana kowace tawaga mutum uku ce, maganar mace kuma ta ɓace, ba a ce eh ba, ba a ce a'a ba. Da na je ofis, sakatarenku ya kalle ni yana murmushi ya ce, “Malama, wa ya hana mata? Mutum uku muka ce. Ko mace ba mutum ba ce?” Waɗanda ke wurin suka yi dariya. Ban ba shi amsa ba, don ya girme ni kuma a gaban mutanensa yake. Ga amsar yanzu.

A garin nan, in baƙo ya yi sallama a ƙofar gida ya ce akwai mutane, sai a aiko masa da cewa ba kowa, sai mata. In abu ya faru a kasuwa, mai ba da labari zai ce ya rutsa da mutane da yawa, har da mata, kamar gyara aka yi masa a kan mudu. Sakataren da kansa haka yake magana, ni ma haka nake yi in ban kula ba, a haka muka tashi. To wane shugaban tawaga ne zai ji an ce mutum uku ya hango mace a ciki? Ku da kuka zauna kun san yadda za a ji kalmar, kuma haka aka ji ta. Ka tambayi sakataren tawaga nawa ce ta zo da mace bana. Ni na tambaye shi, ya duƙa yana neman wani abu a aljihun tebur.

Na yarda ba ku kore ni ba. Kujera ɗaya kuka cire a mota, kuma kun san mai zama a kanta. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba ku bar mini ko abin da zan yi jayayya da shi ba. Da kun ce maza zalla, da na san da wa nake magana. Yanzu duk wanda na kai wa kuka sai ya ce, ai ba a hana ki ba.

Na huɗu, hujjar tsaro.

An ce an rage ne don taron ya ragu, jami'an tsaro su iya sa ido. Ban raina wannan ba, ni na fi kowa sanin abin da tsoro ke sa mutane su yi. Amma in yawan jama'a ne, a rage yawan tawagogi mana, a yi ƙuri'a, wanda ya faɗi ya haƙura. In kuma jaka ce, maza ukun nan kowa da tasa a baya. Ko namiji bai taɓa ɗauko mugun abu ya shigo garin nan ba? Matsalar hijabi da jaka kuwa, da an tambaye ni da na kawo maganinta a zama ɗaya: in riƙe gorar ruwa ta roba a hannu wadda ake ganin cikinta, in sa rigar gasa mai lamba a kan hijabi, a sa mata su caje mu kafin a tashi kamar yadda ake yi a ƙofar kasuwa da gidan biki. Kullum ana caje ni, ban taɓa cewa uffan ba. Amma aka zauna a kan abin da ya same ni, aka sha lemo, aka tashi, wadda ta kwanta a yashin tana gida.

Sakatare ya kuma ce in haɗa tawagar mata, mu uku. Cikin matan da muka yi bara, ɗaya mijinta ya ce tunda abin ya kai ga fetur ta zauna, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗaya iyayenta sun kira ta gida Kaltungo har ƙura ta lafa. Na bi gida gida, an ba ni ruwa, an yi mini jaje, an rako ni ƙofa. Ko da na same su ma, ka tuna sharaɗin Dada. Ba Sale, ba ni.

Za ka ce to Sale ya ajiye ɗaya daga cikin abokansa ya ɗauke ni. Wa zai ajiye? Yakubu, da ya durƙusa a gabana ana ce masa zai mutu? Ko Modu, da ya baro gidansa da jirginsa da kabarin mahaifinsa, wanda wannan gasa ce kaɗai ke fito da shi daga ɗaki yana dariya? Ko Hamma ya yarda ni ba zan yarda ba. Da muna huɗu babu wanda ya tsaya a kan wani. Ƙa'idarku ce ta mayar da wurina ya zama sai an ƙwace na wani.

Na biyar, inda nake yanzu. Wannan ba hujja ba ce, ina dai so ka sani.

Hamma yana ci gaba da atisaye da su Yakubu, ni na ce ya yi. Da safe yakan ɗaga kekensa a kafaɗa ya fita da shi har waje, don kada ƙarar sarƙa ta tashe ni. Idona biyu. Ina jin sa yana lallaɓa ƙofa, nakan yi kamar ina barci don kada ya ji kunya. Da, ranar Juma'a da la'asar a zaurenmu ake haɗuwa, Dada ta dama fura, a yi ta musun wace hanya ta fi sauƙi, Modu na rantsuwa da Barbarci, Yakubu na cewa a fassara masa kafin ya rama. Yanzu sun mayar da zaman shagon Yakubu, wai don kada in ji in damu. Dada har yanzu takan dama furar da yawa, sai ta tuna.

Ni kuma ban ƙara gudu a titi ba. Nakan riga ɗalibai zuwa makaranta, in kewaya filin da ke cikin katanga ni kaɗai, in ta kewayawa har a kaɗa ƙararrawa. In na shiga keke napep mata sukan muskuta su ba ni fili fiye da yadda nake bukata. Abokan aiki kan ce, “Malama, yau me kika goyo mana?” In yi dariya, don in ban yi ba za a ce ban san wasa ba. Ɗalibaina mata da suke bi na suna tambayar yaushe za su isa shiga gasar sun daina tambaya, ban san ko a gida aka hana su ba.

Kaɗaici nake ji, ranka ya daɗe, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba. Ba kofi nake nema ba, mu da kofi ko a mafarki. Mutum uku ne a duniya da suka san yadda numfashina yake in na kusa faɗuwa, suka san lokacin da za su yi mini tsawa da lokacin da za su yi shiru. Suna nan cikin garin nan lafiya lau, ɗaya ma a gida ɗaya muke kwana, amma an raba ni da su.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abubuwa kamar haka.

A mayar da tawaga huɗu, da sharaɗin mace kamar da, kafin a rufe rajista. In hakan ya yi nauyi bana, a bar ukun yadda suke, amma a yarda duk tawagar da ke da mace ta zo da ita ta huɗu. Ko ba za a lissafa mu cikin masu neman kyauta ba, na yarda, a bar mu dai mu tashi tare mu iso tare.

A kira matan da suka taɓa yin gasar a zauna da su a kan maganar sutura da jaka da caje. Ba mu da yawa, benci ɗaya ya ishe mu.

In kuwa kwamiti ya riga ya yanke cewa ba ya son mata har sai zaman lafiya ya dawo, to ya faɗa da baki, a rubuta maza zalla. Zan ji zafi, amma zan daina tashi ina kewaya fili.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne. Kowace irin amsa ce, a ba ni ita kai tsaye, ko a aiko wani daga ofis. Kada a ba Hamma. Wancan karon shugabannin tawagogi kuka tara kuka ce kowa ya je ya gaya wa tasa macen. Hamma, da yake shi ne shugaban tamu, ya shigo gida ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ya cire hula ya mayar, har sai da ni na faɗa masa abin da ya zo faɗa mini. Tun daga ranar bai ƙara kallon idona ba. In gaishe shi ya amsa yana duban ƙasa. 'Yan watanni suka rage mini a gidan nan, kuma shi kaɗai ne ɗan'uwana. In kun hana ni gasar, kada ku ƙara aiko shi.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare ka da iyalinka a fita da shiga. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Gombe da maƙwabtanta. Waɗanda za su tashi bana kuma, ko da ni ko ba ni, Allah Ya kai su layin ƙarshe babu wanda aka bari a hanya.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Dijatu,
Gabukka, Gombe.